Ramukan Kuza

Shekarata talatin da bakwai,
'ya'ya uku, da bashin kujeru da ban gama biya ba,
sai ga ƙuraje sun yi mini sallama a haɓa,
kamar baƙon da ya makara da shekara ashirin
yana tambayar yarinyar da ta bar gidan tuntuni.

Na ce ai ni na wuce wannan aji.
Madubi bai tanka ba.

A makarantarmu ta Gangare ina rubuta lissafi a allo,
ina jin idon yara a gefen muƙamuƙina.
Sun iya ƙidaya. Ni na koya musu.

Kowa likita ne idan fuskar ba tasa ba ce.
Uwani ta ce gyaɗa ce, in bar ƙuli-ƙuli.
Gwaggo Tabawa ta ce zafi ne, in jiƙa sabara.
Maƙwabciya ta rantse da man goge baki,
na kwana da shi, na tashi kamar gefen wainar da aka manta a tanda.
Lemun tsami ma na goga,
na sha hawayena ni kaɗai a bayi.

Sai Sagir na Taminus,
mai kwalabe jere, ba suna, ba takarda,
ya ce, Hajiya, wannan haɗin kwana bakwai ne.
Bai yi ƙarya ba. Kwana bakwai na yi fes,
har aka tambaye ni ko Umara na je.
Wata na biyu suka dawo da danginsu,
ƙanana, jajaye, sahu-sahu har goshi.

Da dare kuwa, ni da yatsuna.
Duk wanda ya zaga bayan garin nan ya san ramukan kuza:
an haƙa, an kwashe, an kama gaba,
ramin ya zauna yana kallon sama.
Haka na yi wa kumatuna da farce.

Wata Laraba na hau mota zuwa Lamingo.
Likita Kangyang ta juya fuskata wajen taga,
ba ta yi tsaki ba.
Ta ce, ba ƙazanta ba ce, daina dirza, ba tukunya ba ce.
Maiƙo ne da matacciyar fata ke toshe kafofi,
ƙwayoyin cuta su samu ɗaki su baje.
Ta tambaya ko suna tsananta gab da al'ada. Na ce sosai.
Ta tambayi barci, na yi dariya.
Ta tambayi man kitson da ke gangarowa goshi,
da rigar matashi, da bakin hijabin da ke shan gumi.
Kwalbar Sagir ta ɗaga da yatsa biyu,
ta ce wannan cin fata take yi a ɓoye.

Abin da ta rubuta bai cika rabin takarda ba.
Wanki safe da dare, sabulu mara kaifi,
ruwa mai ɗumi kawai, komai sanyin Jos.
Magani ɗigo kamar ƙwayar wake in za a kwanta,
shi ma sai da ta tabbatar ba ni da ciki.
Man kare rana da safe, don tabo kada ya ƙara duhu.
Sauran haƙuri ne, sati takwas, wataƙila sha biyu.
Na ce, Likita, shi haƙurin a wane kemis ake samu?

Sati uku, shiru. Na huɗu har sun ɗan ƙaru.
Na ɗaure hannuna da carbi da jan biro.
Ban san ranar da suka fara tafiya ba,
ba su yi ban kwana ba.

Har yanzu ɗaya kan leƙo ƙarshen wata.
Ina barinsa, ya gama zamansa ya tafi.
Ramukan suna nan, sun dai yi laushi.

Jiya na tarar da Hansatu, 'yar sha huɗu, gaban madubina,
ta kai farce biyu kan wani ɗan ƙurji a hanci.
Ban yi wa'azi ba.
Na kama hannun, na ɗora shi a kumatuna,
na ce, taɓa nan.