Baƙin Da Ba Ya Gudu

Na sauka Sabon Gari da la'asar sakaliya,
alƙalamin Baba a ƙasan jaka,
cikinsa a bushe shekara goma sha ɗaya.
Shagon Malam Dalhatu na nan inda na san shi,
tsakanin mai gyaran agogo da mai ɗinkin littafi,
sai dai biro ya cinye kanta kaf,
kwalaben tawada sun yi ƙaura can sama,
inda sai an taka kujera.

Na ce, "Baƙa nake so."
Ya leƙo ni ta saman tabarau.
"Wace baƙar, Malama?
Ai baƙi dangi ne, ba mutum guda ba."

Ya sauko da huɗu, ya goge su da hannun riga,
ya yagi takarda, ya tsoma tsinke.
Ta farko ta fito wuluk, tana taƙama,
kafin ta sha iska ta koma toka-toka,
kamar alkawarin tela ana jibi salla.
Ta biyu tana ɓoye shuni a ciki,
in an karkata ta wajen hasken ƙofa
sai ka rantse wuyan tattabara ne.
Na so ta. Ban faɗa ba.
Ta uku ta bi jijiyar takarda tana yaɗo,
kowane harafi ya tsiro gashi.
Ta huɗu ba ado, ba ƙyalli,
ta zauna inda aka ajiye ta.

Na tambayi zuge, irin tamu ta gida.
Ya yi dariya har hula ta goce.
"Ƙaro zai shaƙe masa wuya.
Wannan ba kara ba ne, da za a fere in ya ƙi."

Sai ya jawo buta ya ɗiga ruwa,
ɗigo guda a kan kowace.
Na riƙe numfashi, don na san wannan kallon.

Daminar bara rufin Baba ya yi yoyo a Kwarbai,
daidai kan akwatin da littafin bashinsa yake.
Na buɗe shi a rana, shafi na manne da shafi.
Duk waɗanda yake bi, da shuɗiya ya rubuta su,
ruwa ya kwashe su, sun zama gajimare.
Mutum talatin da wani abu
sun kuɓuta suna barci, ba su sani ba.
Can a bayan littafi, shafi ɗaya tak,
baƙi ƙirin, kamar jiya aka sa hannu:
waɗanda ke bin sa.
Barau mai zare, dubu huɗu da ɗari biyu.
Iya Marka, gero kwano shida.
Ashe kwalba biyu yake ajiyewa,
kuma ya san wadda yake tsomawa.

Na sami ɗan Barau a Tudun Wada, ya karɓa yana sunkuye.
Iya Marka na nan da ranta a Gyallesu,
ta ce ita ba ta tuna ba,
ta ƙirga kwanon duk da haka, har shida.

A kan kanta, ta farko ta narke,
mai wuyan tattabara ta tashi ta bar inuwa,
ta uku ta zama kududdufi.
Ta huɗu ko gezau.

"Amma fa tana da hali," in ji shi.
"In kin bar ta ta kwana biyu a ciki, ta daskare.
Ki riƙa ɗauraye shi duk Juma'a.
In ta taɓa mayafi kuwa, ki yafe wa sabulu."
Na ce kalma biyu kawai zan rubuta,
gefen kowane suna: An biya.
Ya ce, "To, kwalbar za ta daɗe."

Ya naɗe ta a tsohuwar jarida.
Muna kan gadar Kubanni hadari ya sako,
na miƙa babban yatsa waje,
wanda murfin ya shafa wa baƙi.
Ruwa ya yi ta dukansa har Ƙofar Doka.
Na shiga gida da shi yadda yake.