Tsinken Ashana

Damina uku tsinken ashana ke riƙe da sana'ata.
Na soke shi gefen maɓallin hagu
daren da mikisata ta fara tari a bikin Tibiri:
amarya ta ɗaga ƙafa, kiɗa ya ɗauke,
mata ɗari suka juyo mini da ido ɗaya.
Tun ranar ban ƙara yarda da ita ba,
ita ma haka,
amma tuwo tare muka ci.

Yau na ɗauki adashi, na haɗa da kuɗin tunkiya,
jika ɗari da sittin a aljihun ciki,
na shiga shagon Tsahiru, bayan babbar kasuwa.
Ya jera mini biyu bisa tebur.

Ta farko sabuwa dal, daga Kano ta ƙetaro,
ko ledarta ba a ɓare ba.
Layi huɗu, fitilu kamar gidan mai da dare,
tana jin waya ba tare da igiya ba.
Na ɗaga ta da hannu ɗaya, sakayau kamar ƙwarya.
Yarona Ila tuni ya mutu a kanta:
"Maigida, in wannan ta haska,
ko ba kiɗa sai an ɗauke mu hoto."

Ta biyu ta sha teku, ta kwana Kwatano,
baƙar ƙarfe mai nauyin dutsen niƙa.
Layi biyu kacal. Hular maɓalli ɗaya ta ɓace.
A cikinta wani ya karce sunansa da ƙusa,
harufan da ban iya karantawa ba,
yatsunsa sun cinye fenti
daidai inda nawa za su zauna.

Sabuwa ɗari da arba'in, in ji Tsahiru,
tsohuwa ɗari da saba'in da biyar.
Na ce, "Ka juya lissafin ne?"
Ya ci gaba da shan shayinsa.

Sai na zauna ina tuna hanya.
Ramukan Jiratawa bisa kabu-kabu, kaya a cinya.
Wutar gari da ke tafiya ba sallama,
ta dawo da fushi kamar mai bin bashi.
Injin haya mai shaƙewa tsakar rawa.
Zafin watan huɗu, sa'ad da roba ke laushi.
Da Rabe mai gyara, can Zariya,
wanda ya ce duk abin da ba shi da noti
kada a kawo masa, a kai shi bola.

Amma layi huɗu fa!
Makirufo ga mai sanarwa, wani ga uwar biki,
ba sai ina cire wannan ina soka wancan ba.
Kuma jika ashirin su koma gida,
Ra'ayatu ta daina yi mini kallon tunkiyarta.

Na ce a jona su.
Ban sa waƙa ba.
Na rufe kunnuwana da na'urar ji,
na murɗa komai har ƙarshe, na saurari babu.
Cikin sabuwa akwai sauro,
siriri, can nesa, yana jiran dare ya yi
ya zama jirgi a bakin lasifika.
Cikin tsohuwa
sai na ji kamar na leƙa rijiya.

Ila ya karanta fuskata, ya fita waje.

Saura sha biyar, ba ni da su.
Tsahiru ya dubi buhun da ke ƙafata:
"Bar mini waccan, a yi kayan gyara da ita."
Na fiddo ta. Na share ta da bakin riga,
abin da ban taɓa yi mata ba.
Kafin in miƙa, na zare tsinken.
Ya yi baƙi, ya yi santsi da gumina.

Mai kabu-kabu ya ɗaga kayan, ya ce sai an ƙara dala ashirin.
Na laluba aljihu.
Tsinken na fara taɓawa.