Kunnen Mama

A hawa na tara, unguwar Sham Shui Po,
inda kicin ɗinmu bai fi shimfiɗar mutum ɗaya ba,
na tuɓe rigar aiki,
na wanke ƙaurin bas daga hannuna,
na kwance ƙunshin fallayen fulawa
da na sayo wurin tsoho Au-Yeung dab da zai rufe shago.
Falle hamsin, rawaya, masu kusurwa huɗu,
sirara har kana hango zanen tafinka ta ciki.

Mama na kan kujerar gora, bakin ƙofa.
Shekara uku ke nan yana ta rufe mata ido,
amma kunne bai ajiye aiki ba.

"Kin-Lok, sara kake ko kirɓi?
Jatan lande ba ya son a mai da shi kunu.
Bar masa gutsattsari, haƙori ya san da zamansa."

Na sassauta wuƙa.
Citta, lawashin albasa, farin masoro,
tsokar cinyar kaza, ɗigon man riɗi,
na juya su gefe guda, kamar yadda take yi,
har suka kama juna.

Cokalin shayi ɗaya a tsakiyar falle.
A jiƙa baki da ɗan yatsa,
kusurwa ta sumbaci kusurwa,
a matse iskar ciki ta fita,
a jawo kunnuwa biyu su gaisa.
Nata, a da, kamar jajayen kifaye masu baza wutsiya.
Nawa kamar tikitin da ya kwana a aljihu.
Hannun da ya saba da sitiyari shekara ashirin da shida
me ya sani game da lallashi?

Man gyaɗa a kasko.
Na tsoma tsinken cin abinci in ga ko zai yi kumfa.
"Da saura," in ji ta, ba ta ko juyo ba.
"Yanzu raɗa yake yi. Jira ya fara gulma."

Ruwa na dukan taga,
maƙwabciyarmu Tsang na kwashe shanya tana faɗa da sama.
Sai man ya buɗe baki.

Na sake su biyar-biyar.
Cuuu! Suka nutse, suka taso,
fata ta yi ƙuraje, ta kumbura,
fari ya koma ruwan zuma.
Na shida, wanda na cusa wa cokali biyu
don na ga kwano da saura,
ya fashe, fas, ya yi mini tambari a wuyan hannu.

Dariyarta ta riga zafin isowa.
"Wannan na kwaɗayi ne.
Babanka ma haka, har ya koma ga ƙasa bai daina ba."

Na tsame su a kan waya, kada zufa ta kashe su.
Na kai mata wantan ɗaya da miya mai zaƙi da tsami.
Ta shafa shi, ta ƙirga ƙurajensa da babban yatsa,
ta miƙo mini.
Haƙoranta na cikin kofin ruwa tun magariba.

"Matso. Ciza a nan."

Na durƙusa, ƙato da furfura,
na kai baki gefen kunnenta.
Ƙaras.
Ɓarɓashi ya zubo mata a kafaɗa.

Ta yi shiru har ruwan ya tsagaita.
"Minti ɗaya ya wuce," in ji ta.
Sannan ta laluba tebur,
ta sami fallen ƙarshe, wanda bakinsa ya fara bushewa,
ta ce in ɗora mata cokali ɗaya.

Ban ga yadda aka yi ba.
Yatsu uku suka motsa,
sai ga kifi a tafinta, wutsiya a baje.

Shi kaɗai na soya,
tana saurare.