Tabarau ga Bindigar Baba

Awaki huɗu cikin wata guda.
Na biyar ɗan akuyar Goggo Tambai ne,
mai farin goshi, ko yaye shi ba a yi ba.
Duk Unguwar Jatau ta ce dila.
Ni ma na ce dila.

Na hau mota daga Kujama zuwa Kaduna,
na sauka Panteka, inda ƙarfe ke kuka tun asuba.
Wani mai walda, Shekarau, ya zaro madubin hange
daga tsohon gwangwanin madara,
ya huro masa iska, ya goge da gefen riga:
"Ƙuda ya sauka a taku ɗari,
za ka ƙirga masa ƙafafu."
Ban taya ba. Ya lura ban taya ba.

Baba ya juya shi a hannu kamar kifin da ya kwana.
"Bindigar nan ta girme ka da shekara tara,
ba ta taɓa neman tabarau ba."
Duk da haka ya bar ni na ɗaure mata shi
da waya da robar tayar keke,
bindigar toka da idon Bature,
yaran maƙwabta na leƙe ta katanga suna dariya.

Muka baje dalma a kan tabarma.
Na kai hannu ga ƙanana, masu kamar gero.
Ya buge hannun.
"Na zabo ne. Su shige shi ya gudu da su,
ya kwana uku yana ruɓewa a rami,
alhakin yana wuyanka."
Na ɗauko ƙatuwa, kamar gurjiya.
"Giwa ce ta ci akuyar?"
Ya tsince masu girman wake, guda bakwai,
ya auna albarushi a murfin kwalba,
ya juya mini baya, ya ɗura da kansa.
Na ji sandar ɗuri tana danna tsumma, sau uku.

Daren sha huɗu ga wata.
Muka kwanta bayan suri, gabas da turke,
iska na busowa daga rafi zuwa fuskokinmu,
yadda ya so.
Sauro ya ci rabonsa. Ƙafata ta mutu.
Baba bai ko yi tari ba.

Can ciyawa ta rabu.
Na sa ido a gilashi,
duhu ya matso kusa har na ji tsoronsa:
kunne ɗaya a yage,
wutsiya a naɗe sama,
shuɗiyar igiya a wuya.
Wane dila ne ke ɗaura igiya?

Karen Dogara ne.
Dogaran da ya goya Inna a babur cikin ruwan sama
ranar da numfashi ya ƙi ta.
Idona ya gane, yatsana bai jira labari ba.
Ƙara ta tsaga daren,
hayaƙi ya cika mini baki,
kafaɗa ta amsa.

Da hayaƙin ya washe, ba gawa, ba jini,
sai haushi yana nisa, yana nisa.
Na ce, "Gilashin ya karkace."
Baba ya kamo hannuna, ya buɗe tafin,
ya zuba mini wake bakwai masu sanyi.

"Sawun dila siriri ne," in ji shi.
"Tun akuya ta biyu na duƙa na duba.
Kai kana sauri za ka birni."

Da safe ya sa hula, ya sayi goro na ɗari biyu,
ya nufi gidan Dogara shi kaɗai.
Ban san me suka ce ba.
Karen dai yanzu da sarƙa yake kwana,
an kuma kawo wa Goggo 'yar tunkiya, ba bayani.

Madubin yana hannun ƙanwata Asabe.
Da shi take duba wata,
ta ce duk jikinsa tabo ne.