Buta Uku da Buta Ɗaya

Ni mai yankan gilashi ne a Yelwa ta Garwa.
Da ragowar tagogin wani otal
na haɗa akwati, tsawonsa kamu biyu,
na wanke yashin Binuwai sau bakwai na shimfiɗa,
na dasa ciyawar da Hamajoda masunci
ya tsamo mini a ƙarƙashin gada.
Sai dodon koɗi shida.
Sai jatan lande, ƙanana kamar yankan farce,
kana hango abin da suka ci a cikinsu.

Da fari ruwan rijiyarmu na ba su.
Ai unguwa ta san rijiyarmu:
sabulu ya shiga ya ƙi kumfa,
tukunyar shayi ta yi furfura a gindi,
Nenne ta ce ita ke hana wake nuna.
Dodon koɗi suka yi sheƙi, sun sami gida.
Amma ganye ya yi fari kamar an barbaɗa alli,
jatan lande kuwa, ranar saɓa,
rigar ta ƙi tsagewa.
Uku na tsinta da safe, kwance a gefe,
kowanne da farin zobe a baya.

Na yi fushi da rijiya.
Na kafa duro a bakin indararo,
na ce ga ruwan Allah, babu zartsi, babu komai.
Ashe babu komai ɗin ma ciwo ne.
Wata biyu, ciyawa ta miƙe har ta sha iska,
amma tsinin koɗi ya fara dusashewa,
ya yi ramuka kamar bangon da damina ta lasa.
Ruwan da ba shi da komai
a jikin mai gida yake karɓar rance.

Jaratu, mai gwajin jini a asibitin gari,
ta zo sayen madubi, ta tsaya ta leƙa.
Washegari ta aiko da ƙaramar kwalba.
Ta ce ɗebi ruwa, ɗiga, girgiza, ƙirga,
har ja ya koma kore.
Rijiya ta ci ɗigo ashirin da biyu.
Duro, ɗigo ɗaya ya juya shi.
Ta ce nemi takwas, kuma kada ka yi gaggawa,
sauyin dare ɗaya ya fi mugun ruwa kisa.

To, buta uku ta sama, buta ɗaya ta ƙasa.
Na rubuta da alli a ƙofar shago
kusa da sunayen masu bashi.
Na daka ɓawon ƙwai, na ƙulle a tsumma,
na binne a kusurwa, bayan dutse.
Da bazara ta zo, rana tana shan yatsa biyu a mako,
na gane ruwa ne ke tafiya,
gishirinsa yana nan zaune.
Sai in cika da na duro kaɗai,
ina duban gindin duron kamar mai duban rumbu.

Tsohon ramin koɗi ba ya cikewa.
Amma a bakin, inda sabo ke fita,
akwai layi mai santsi, launin zuma.
Nakan sa farce a gilashi in auna shi.

Jiya bayan la'asar ƙaramar 'yata Dudu
ta ƙwala kira: Baba, wani ya mutu!
Na ajiye lu'ulu'un yanka, na zo da gudu.
Ga shi a kan ganye, fari fat,
da gashin baki, da ƙafafu, da komai.
Na taɓa shi da tsinke, ya tashi kamar leda.
Babu kowa a ciki.
Mai rigar yana can ƙarƙashin dutse,
jikinsa ɗanye, yana jiran ya yi tauri.

Dudu ta ce in ciro mata ta ajiye.
Na ce a'a, bar masa.
Anjima zai dawo ya cinye abinsa.