Faifai Biyu a Shagon Tankari

A Mokoyo, bayan la'asar,
Tankari mai gyaran rediyo ya goge faifai da gefen riga,
allura ta sauka kamar kaza kan tsaba.

Na farko jaz ne na mutum biyar.
Mai ƙaho ya fita ba sallama,
ya bi ta gulbi, ya ɓace cikin garake,
mai ganga bai bi shi ba, bai kuma sake shi ba.
Can sai ga shi ta bayan danga
da waƙar da ya tafi da ita:
ta rame, amma ita ce.

Na biyu an jona masa lantarki,
jita na tafasa kamar man gyaɗa a kasko.
Tankari ya ce, “Miya ce, magi ya yi mata yawa.”
Na ce, “Tsufa ne ya toshe maka kunne.”

Muna ciki aka ɗauke wuta,
faifai ya mutu da magana a baki.

A duhu na ji yatsunsa suna bugun tebur.
Kiɗan na biyun ne.
Na yi shiru, na zuba masa shayi.