Ɗari Uku Ba Ɗaya

Ni ne mai hayar kujeru.
Tun la'asar na jera su a filin gidan samari,
ɗari uku, farare, kowace na share ta da tsumma.
Ba a gayyace ni ba, kujeruna aka gayyata,
na biyo su kamar zare a bayan allura.

An shimfiɗa jar darduma tun daga bakin ƙofa,
aro ce daga wani shago a Zango,
ƴan fim na taka ta a hankali
kamar masu tsoron a ce su biya.

Kyautar kuwa shamuwa ce ta tagulla,
zubin wani maƙeri a cikin Birni.
Ƙafa ɗaya ta fi ɗaya,
sai da aka tokare ta da kwalin ashana.

Da aka kira Tanimun,
wanda ya cinye gonar marayu a cikin fim,
wata murya daga baya ta ce, “Allah ya isa!”
Ya riƙe mikiro yana dariya, ido na ruwa:
“Shekara biyu ke nan a Kasuwar Dole
masu tumatir sun daina yi mini gyara.
Inna, na gode. Tsinuwarki ta fi tagulla.”

Can mai gabatarwa ya yage ambulan,
ya ja numfashi, “Gwarzuwar bana ita ce…”
sai kuran ya ɗauke.
Gurup ya yi tari uku, ya kwanta.
Ba wanda ya tashi.
Waya ɗaya ta haska, ta biyu ta amsa,
kafin ka ce kwabo fili ya cika da ƙananan fitilu,
har duwatsun Birni suka leƙo ta kan katanga.
A wannan hasken aka karanta sunan:
Magaram, ta Garin Malam,
mai ɗanwaken da ke ciyar da masu kamera bashi.

Ta tuɓe takalmanta kafin ta hau dandali.
Ta jinjina shamuwar a tafin hannu,
ta ce, “Ba ta kai rabin tulu ba.
Yaran nan sun ce mini, Iya,
ki yi kamar mai jiran ruwa a famfo da tsakar dare.
Na ce, kamar?
Ku dai kunna abinku.”
Tafin da aka yi, na ji shi a haƙarƙarina.

A sahun gaba akwai kujerar da ba a zauna ba.
An ɗora mata abin sawa a kunne, wayarsa a naɗe,
na Harisu mai ɗaukar sauti,
wanda hanyar Mirriya ta cinye da kaka.
Aka yi shiru na minti ɗaya,
irin shirun da ya sha roƙon mu yi masa
ba mu taɓa ba shi ba.

Ƙarfe ɗaya na dare kowa ya watse.
Ɓawon gyaɗa, ledar ruwa, ɗan kunne guda.
Na tara, na ƙirga, na sake ƙirgawa:
ɗari uku ba ɗaya.

Daga nesa, wajen kwanar masu shayi,
na hango yaro ɗauke da farar kujera a ka,
wayar na reto a bayansa.
Tafiyar ubansa ce sak.

Na buɗe baki zan kira,
sai na ciro littafina,
na rubuta: ɗari uku, cif.